Ranar da Na Sauke Jeren Hajiya

A shekarata ta biyu a kwalejin horon malamai, malamin da ke koya mana zane ya ba mu aikin hutu mai kashi biyu. Kashi na farko, kowa ya zaɓi zane uku na masu fenti da suka rayu a zamani daban-daban, irin zanen nan da babu mutum ko dabba a cikinsa sai kayan da aka ajiye, kamar kwano da tulu da 'ya'yan itace a kan tebur, ya kwatanta su a rubuce. Kashi na biyu, kowa ya yi nasa zanen da kayan gidansu. Duk ajin na fi kowa murna, domin wannan ne irin zanen da mahaifina bai taɓa ɗaure fuska a kansa ba. Tun ina firamare ya ce in zana abin da na ga dama ban da mai rai, ni kuwa sharaɗin bai taɓa matse ni ba. Nakan yi awa guda ina kallon butar shayi ban gaji ba.

Na aro wani ƙaton littafi a laburaren makaranta, na rungumo shi a Adaidaita har gidanmu da ke Fagge. Kwana uku ina buɗe shi a tsakar gida kafin na tsayar da ukun da nake so. Na farko ya fi sauran tsufa nesa ba kusa ba, daga wata ƙasa mai sanyi ta Turai. Bayansa baƙi ƙirin, haske na faɗowa kan tebur daga gefe guda. Ga lemon tsami an fere shi rabi, ɓawon na reto a bakin tebur, ga kofin gilas a kwance, ga wuƙa, ga burodi an gutsura an bari. Na biyu ya zo bayansa da shekaru masu yawa. Tuffa ce birjik a kan farin ƙyallen da ya yamutse, teburin kamar zai zubar da su, kuma ana ganin sawun buroshi ɓaro-ɓaro. Na uku na kusa da zamaninmu ne, kwalabe da gwangwanaye biyar ko shida sun matsu da juna a tsaye, launinsu ya koɗe kamar bangon da ya sha rana. Shi na fi rainawa. Na farkon ne ya tafi da hankalina, na ƙudura cewa nawa zanen irinsa zai zama.

Kayan da zan zana kuwa ba sai na nema ba. Kakata ta wajen uba, wadda kowa a gidan ke kira Hajiya, tana da jeren kwanuka a ɗakinta wanda ya girme mahaifina. Kabad biyu ne masu ƙofar gilas, sun cinye bango guda. A ƙasa manyan kwalla, a samansu samiru masu marfi an ɗora ƙarama a kan babba har sun yi tsini, sai langa da fanteka masu furanni ja da shuɗi, can sama kuma tasoshin tagulla da take gogewa da toka duk jajiberin Sallah. Ba a cin abinci a cikinsu. Wasu da su aka kawo ta gidan, wasu da guminta ta saye su lokacin tana sana'ar ƙuli-ƙuli. A gaban jeren nan na koyi rarrafe.

Tsakanina da Hajiya wasa ne na jika da kaka. Uwar mafarki take ce mini, wai ko tsintsiya na riƙe sai ka ce ina tsoron kar in ji mata ciwo. Ni kuma in ce mata tsohuwa mai kantin kwano, ta tara kaya ta hana ciniki. Idan na shiga gaishe ta da safe ba ta tsokane ni ba, to ba ta da lafiya.

Wata Asabar ta tafi suna unguwar Kwaciri ita da aminiyarta, wata dattijuwa da suka taso tare, ta ce sai magariba. Na shiga ɗakin da allon zanena da niyyar ɗaukar kwano uku ko huɗu kawai. Amma wanda nake so yana ƙarƙashin wasu, na sauke su. Na hango wani a baya da ya fi shi kyau, na sauke layin gaba ɗaya. Don kar in rikita su sai na riƙa ware su a kan tabarma kashi-kashi, manya a nan, matsakaita a can, tasoshi su kaɗai. Kafin azahar kabad biyu sun zama wayam, ƙofofinsu a wangale. Na jawo ɗan teburinta kusa da taga, na shimfiɗa baƙin mayafi, na kwantar da langa ɗaya a gefenta, na buɗe samira na jingina marfin, na fere lemo rabi na saki ɓawon yana lilo. Hasken tagar ya sauka a kan tagullar nan, ni kuwa na ji kamar na shiga cikin littafin. Ko sallamarsu ban ji ba.

Ashe mai jegon ba ta jin daɗi, taron ya watse da wuri. Aminiyar ce ta fara ɗaga labule. Ta yi salati a hankali, ta dafa bango. Hajiya ta leƙo ta kafaɗarta. Ta dubi kabad, ta dubi kashi-kashin da ke kan tabarma, ta dube ni da buroshi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Sannu da aiki," in ji ta. "An gama rabon, ko da saura? Wane kashi ne na ubanki?"

Sai a lokacin idona ya ga abin da nasu ya gani. A gidajenmu ba a sauke jeren mace gaba ɗaya sai a kan abu biyu: ko aure ya mutu an zo kwashe kaya, ko mai ɗakin ta rasu an zo rabon gado. Ko wanki za a yi, layi-layi ake saukewa, a mayar da wannan kafin a taɓa wancan, kuma mai ɗakin ce ke yi da hannunta. Na san haka. Da idona na ga an ware kwanukan wata gwaggona a tabarma bayan rasuwarta. Amma littafin ya cika mini kai har na manta a ɗakin wa nake.

Na durƙusa ina ba da haƙuri, na ce yanzu zan mayar. Ta ce kar in taɓa. Ita da aminiyarta suka tura su kusurwa, ta lulluɓe su da tsohon zanin gado, ta rufe kabad ɗin babu komai a ciki.

Washegari da na shiga gaisuwa ta amsa mini kamar baƙuwa. "Lafiya lau, Malama. Ya karatu?" Na gwammace ta zage ni. Mahaifina ya yi mini faɗa a zaure, a taƙaice kamar yadda ya saba, sannan ya shiga ya lallashe ta, ya ce yarinta ce da aikin makaranta. Ta ce masa ita ba fushi ta yi ba. Allah ne ya tunasar da ita ta hannun yarinya, tunda ga shi an sauke, gara ta raba da hannunta tana gani, ta hutar da mutane rigima. Ranar Talata 'yar ƙanwarta ta zo gaisuwa, ta fita da babbar kwalla a ka. Ranar Alhamis samira biyu suka bi wata jikarta da ke shirin aure. Ta rage cin abinci, ta daina zama a ƙofar ɗaki da hantsi. Kullum da safe nakan saci kallon tulin nan da ke ƙarƙashin zanin gado in ga ya ƙara raguwa. Tsorona shi ne ranar da zai ƙare, domin na ga alama da shi take auna kwanakinta.

Ummata ce ta ce in nuna mata littafin, ko ta gane ba mugunta ta sa ni ba. Na kai mata, ta sa tabarau. Na buɗe na farko ina yi mata bayani irin na aji, haske da inuwa, da yadda malaminmu ya ce masu fentin wancan zamani suna tuna wa mutane cewa duniya ba matabbata ba ce. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni wa ya mutu a gidan. Na ce babu wanda ya mutu, haka mai zanen ya tsara. Ta girgiza kai ta ce ba a tashi a bar abinci a buɗe da kofi a kwance da wuƙa a bakin tebur sai in mugun labari ne ya shigo ana tsakiyar ci. Na biyu kuwa ta ce ko matar gidan ƙazama ce ko 'ya'ya ƙanana sun yi mata yawa, amma dai akwai albarka tunda tuffa ta wadata. Teburin ne ya dame ta, ta ce a sa masa dutse a ƙafa. Da na buɗe na uku, wanda na raina, sai ta gyara zama. Ta ɗora yatsa a kan doguwar kwalbar da ke tsakiya, ta bi na gefenta ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ya san abin da yake yi," ta ce. "Dogo ya tsaya wa gajere, kuma babu wanda ya tare wani. Mace ce?"

Na ce namiji ne.

"To a hannun mace ya tashi."

Na ɗauka an shirya ke nan. Amma ta cire tabarau, ta ce ta gode, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Da yamma wata maƙwabciya ta fita da fanteka.

Akwai wani dattijo a Sabon Gari da nake sayen fenti da buroshi a shagonsa, a wani layi bayan kasuwa. Iyayensa daga kudu maso gabas suka zo, amma shi a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa karin magana. Baba mai fenti kowa ke ce masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana allunan gidajen abinci da na masu burodi, kafin injin buga hoto ya karɓe yawancin aikin. Farin fenti na je saye, amma da ya tambaye ni ya zanen kwanukan kakata da na taɓa ce masa zan yi, sai hawaye suka riga ni. Ya ba ni kujera, ya kashe rediyo, ya saurara har na kai aya. Ya riƙe haɓa ya ce shi da yake zuwa coci ma ya san ba a sauke jeren mai rai, ni da aka haifa a gindinsa ina hankalina ya tafi? Na ce yana cikin littafi. Ya ce in fito da littafin ya ga ɓarawon, da ma yana cikin jakata.

Shi da idon sana'a ya kalle su. Na farko ya ce mai shi ya iya hannu ƙwarai, gilashin kamar ka taɓa, amma da shi ne ya kai wa mai gidan abinci allo da burodi a gutsure, da da muciya za a rako shi. A aikinsu faranti kullum cike yake, tururi na tashi, naman ya fi wanda za a zuba maka girma. Na biyu ya burge shi saboda mai zanen bai ɓoye sawun buroshinsa ba, alhali shi kullum goge nasa yake yi don kar a ce bai iya ba. Na uku kuwa ya bi shi da yatsa daga gefe zuwa gefe. Sannan ya shiga ciki ya fito da wani katako da bai wuce faɗin tire ba, ya goge shi da gefen rigarsa.

Zanen kantar kicin ne. Kwalbar manja, ƙaramin turmi, gwangwanin gishiri, da langa mai furanni ja da shuɗi, irin ta Hajiya sak. Da na faɗa masa haka, ya ce ai matarsa da kakata kasuwa ɗaya suka ci, me zai hana. Kantar matarsa ce, ya zana ta shekaru kafin ta rasu, kuma shi kaɗai ne zanen da ya taɓa yi ba don wani ya sa shi ba. Sati biyu yana tsaye a ƙofar kicin, tana korarsa yana dawowa. Na tambaye shi yadda ya tsara kayan suka zauna daram haka.

"Ni na tsara? 'Yata, da na matsar da gishirin nan ko da taƙi ɗaya, da a waje zan ci abinci wata guda. Ita ta tsara, ni kwafa kawai na yi."

Ya ce in koma in zana jeren daga ka, yadda yake kafin in taɓa shi, in kai mata. Na ce me zai gyara? Ya ce bai sani ba, shi ba boka ba ne, amma wanda ya rushe gini ya kamata ko ba komai ya san yadda ginin yake.

Na ɗauka aikin awa ɗaya ne, tunda shekara ashirin ina kallon bangon nan. Da na zauna da takarda sai na tarar launi da ƙyalli kawai na riƙe. Samira nawa ne a kowane tsini, biyar ko shida? Tasoshin a kife suke ko a jingine? Masu koren baki a ina suke zama? Na tambayi Umma, ta ce ita suruka ce, ba ta taɓa ɗaga kai ta ƙare wa ɗakin kallo ba. Mahaifina ya ce shi dai ya san akwai kwanuka. Na duba hotunan Sallah a wayata, duk mun tsaya a gaban kabad mun tare shi. Kwana huɗu ina zanawa ina gogewa, a cikinsu wata kwalla ta sake fita. Ranar Juma'a da hantsi na ga in na ce sai na gama daidai, ba abin da zai rage, sai na ɗauki takardar yadda take na shiga.

Na durƙusa na miƙa mata, na ce so nake kawai in ajiye yadda ɗakin yake, kuma na san akwai kuskure. Ta karɓa kamar ba ta so. Ta sa tabarau, ta matso da takardar, ta nisanta ta, ta juya ta wajen haske. Na ga bakinta ya fara motsi.

"Wannan ɗakin wace ce?"

Na ce nata ne.

"Nawa? Ni na ɗora langa a kan samira? A garinku haka ake yi?" Ta bugi takardar da bayan yatsa. "Masu koren bakin nan kuma wa ya kai su sama? Na uwata ne, a daidai ido suke zama inda zan gan su daga kan gado. Shekara nawa kina shigowa kina cinye mini dabino, ashe idon na ado ne. Uwar mafarki kawai. In aka ba ki takardar shaida a kan wannan ai an cuci gwamnati."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na sunkuyar da kai don kar ta ga bakina, na ce to ta nuna mini a takardar in gyara. Ta karɓi fensir ta riƙe shi kamar tsinken tsire, ta ja layi ɗaya ya huda takardar. Ta yi tsaki ta jefar. Ta ce ita ba ta iya aikin wofi ba, in yaye zanin gadon can in miƙo mata kwallar da ta rage, za ta gwada mini sau ɗaya.

Sau ɗayan nan ya kai mu har la'asar. Ni ke miƙawa, ita ke ɗorawa, tana yi tana faɗa. Nauyi a ƙasa yake zama. Furen kowace samira ya kalli ƙofa, domin mai shigowa ake yi wa jere, kuma furannin su hau layi ɗaya tun daga ƙasa har sama. Ja ba ya zama kusa da ja. Wadda ta ɗan ɓantare a gefe a juya tabon bango, kowa da nasa tabon amma ba a tarar baƙo da shi. Takan ɗora kwano, ta ja da baya har bakin gado, ta karkata kai ta runtse ido ɗaya, ta dawo ta matsar da shi kaɗan da ɗan yatsa. Haka malaminmu yake yi a gaban allo, haka Baba mai fenti yake yi. Ban faɗa mata ba, don kar ta ce na haɗa ta da maza.

A bakinta na ji cewa jeren ma zamani-zamani ne. Kakarta ƙorai ta jera, farare masu sassaƙa, a rataye a ragaya. Uwarta ta zo a zamanin tasa, ana manna su a bango. Su Hajiya suka ga yayin kwano mai fure, tsofaffi na cewa kayan 'yan gayu ne ba zai yi ƙarko ba. Su Umma tangaran suka sa a kabad. Na yanzu kuwa, ta ce, sun kai komai kicin sun rufe, ka shiga ɗakin amarya ka rasa abin kallo sai talabijin.

Da muka gama sai giɓi ya fito. Kabad ɗin hagu ya yi kama da bakin da aka cire wa haƙora. Na ce ko in je in roƙo waɗanda ta bayar, kowa zai fahimta. Ta harare ni ta ce ita ba ta yin amai ta lashe, abin da ta bayar ya bayu, Allah ya sa su mora. Ta gwada matso da na gefe, ta ga bai yi ba, ta mayar. Ta zauna a bakin gado tana kallon gurbin, ni ina kallonta, ina tsoron kar abin ya dawo sabo. Can sai ta ce a kawo mata abincinta, yunwa take ji. Ta cinye tas har ta nemi ƙarin miya.

Ranar Litinin ta ce in nemo Adaidaita, za mu Kasuwar Sabon Gari. Rabonta da shiga kasuwar tun kafin ƙafarta ta fara ciwo. Muka bi layin 'yan kwanuka a hankali, tana dafe da kafaɗata. Irin nata babu su kuma. Masu shaguna suka yi ta fito mata da kuloli na zuba abinci da tukwanen gilas, tana ɗagawa tana ƙwanƙwasawa da farce tana ajiyewa. Wani mai shago mai surutu ya ce Hajiya, jika za a aurar ne? Ta ce a'a, ita ce amaryar, ko yana da magana? Ya ce shi wa, Allah ya ba da zaman lafiya. A shagon nasa ta tsaya a kan wasu kuloli uku 'yan gida ɗaya, farare masu siririn zaren ruwan zinariya a wuya. Ta sa aka jera mata su, babba da matsakaiciya da ƙarama. Ta ja da baya har ta kusa yin karo da mai baro, ta runtse ido, ta ce a naɗe.

A rubutun da na miƙa wa malaminmu bayan hutu zane huɗu na kwatanta, na ƙara da katakon Baba mai fenti, wanda ya bar ni na ɗauki hotonsa a waya. Na rubuta abin da na iya game da haske da launi da sawun buroshi, amma rabin abin da ke ciki daga bakin tsofaffin nan biyu na ɗauko shi, na kuma faɗi haka. Har yanzu ina son zanen nan mai baƙin baya da lemon tsami. Sai dai in na buɗe shi nakan tsinci kaina ina tunanin mutanen gidan, ina fatan labarin da ya tashe su daga kan abinci na haihuwa ne.

Nawa zanen daga bakin ƙofar Hajiya na yi shi, a kan kujera 'yar tsugunno, kullum daga hantsi zuwa lokacin da rana ke barin tagarta. Ban taɓa ko marfi ba. Ita tana zaune a bayana da carbinta, tana duba aikin kamar mai duba gini. Ta ce tagullar ba ta yi ƙyalli ba, na ƙara. Ta ce kulolin sun fi yadda suke girma, na rage. Ran da na zo kan kabad ɗin hagu, inda har yanzu akwai gurbi ɗaya a layin sama, na tambaye ta ko in cike shi da wata tasa daga kaina, tunda fenti ne ba wanda zai sani. Ta ce kul, in bar mata wurinta yadda yake. Ta ga wani tire a shagon mutumin nan mai surutu, ba ta gama shawara a kansa ba, sai bayan Sallah za ta koma ta sake dubawa.